Sautun Bindiga

Sautu tsohuwar al'ada ce a ƙasarmu. Wanda bai sami zuwa kasuwa ba yakan damƙa wa mai zuwa 'yan kuɗinsa, ya ce a sayo masa gishiri, ko goro, ko turmin atamfa, in an dawo a miƙa masa kayansa da canjinsa. Mu ɗalibai da muka baro ƙauyuka muka zo neman ilmi birnin Sakkwato, babu wanda ya fi mu sanin nauyin sautu, domin ba ma dawowa daga hutu sai da jerin saƙonni a aljihu, daga maganin ciwon ƙafa na tsohuwa har takalmin makaranta na ƙane. To, a 'yan shekarun nan wani baƙon sautu ya shigo cikin jerin, wanda ba a rubuta shi a takarda, sai dai a ja mutum bayan rumbu a raɗa masa. Mutanen gari sun yi karo-karo, kuɗi sun taru, suna so a bincika musu a birni inda ake samun bindiga.

Duk wanda yake zama majalisun Ƙofar Rini bayan sallar lisha ya san maganar ta wuce raɗa. Ana yin ta a bakin mai shayi, ana yin ta a tashar mota, kowa da irin amsar da yake bayarwa. Wani ya ce a tafi wurin maƙeri, wani ya ce a nemi wanda ya san hanyar bakin iyaka, wani kuwa ya kama haɓa ya ce Allah ya kyauta. Mu dai muna ganin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun da maganar ta iso ɗakunan kwananmu, wajibi ne mu tattauna ta a fili, da hankali, kafin wani ɗan'uwanmu ya karɓi sautun da zai kai shi gidan yari ko ya kai garinsu ga halaka.

Da farko dai kada kowa ya yi wa masu sautun nan kallon mahaukata. Ranar 17 ga Oktoba 1921 ba ita muke nufi ba, ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 ce, watau a zamanin wayar hannu da jiragen yaƙi, 'yan fashin daji suka afka wa kasuwar Goronyo tana tsakar ci, suka kashe mutum 43. A watan Disamba na wannan shekara aka tare mota a Gidan Bawa, tsakanin Sabon Birni da Isa, aka cinna mata wuta da fasinjoji a ciki, mutum 23 suka ƙone. Garuruwa da yawa a gabashin jihar nan sun biya harajin da ba gwamnati ta aza ba kafin a bar su su yi shuka, sun sake biya kafin a bar su su yi girbi. Mutumin da aka kore masa shanu, aka ɗauke masa 'ya, aka ce ya sayar da gona ya kawo kuɗin fansa, in ya fara tunanin bindiga, wa yake da bakin da zai zarge shi?

Kuma ba shi ya ƙago tunanin ba, manya ne suka sa masa shi a ka. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya ce mutane su nemi makamai su kare kansu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta zarce nan, ta ce za ta raba takardun neman lasisin bindiga 500 ga kowace masarauta daga cikin masarautu 19 na jihar. Ba a yi kwana biyu ba sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko, 'yan sandan jihar kuma suka ce ai an daɗe da dakatar da ba da lasisi. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake jaddada dakatarwar. Jama'a, ku dubi wannan wasa da hankali! Hukuma guda ta ce wa talaka ya tashi ya kare kansa, wata hukuma ta ce in ya tashi za a kama shi, su kuwa masu faɗar duka maganganun biyu suna kwana da sojoji da 'yan sanda a ƙofar gidajensu.

Yana da kyau mu san abin da doka ta ce, domin da yawa daga cikinmu muna gardama a kanta ba mu taɓa buɗe ta ba. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko shi ne na haramtattu: igwa, da bindiga mai jigida, da bindigogin soja irin su AK-47, da libarba da sauran ƙananan bindigogi na aljihu. Waɗannan babu mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa da kansa. Kashi na biyu ya ƙunshi bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, da ta farauta, da ta iska, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku shi ne na masu ɗurin baki, watau bindigar toka da muke kira harba-ka-ruga, wadda aka bar al'amarinta ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ba a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. Har ila yau babu mai cinikin bindiga sai dillalin da aka yi wa rajista, babu mai ƙera ta ko gyara ta sai da izni. Wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba kuwa, dokar fashi da makami ta 1984 tana iya kai shi ɗaurin da bai gaza shekara goma ba. Ɗalibin da ya karɓi sautu ya sa kaya a jakarsa ya hau motar Illela ko ta Isa, to, ya sani da digirinsa da samartakarsa yake caca.

Akwai masu kawo mana misalin Amurka duk lokacin da aka ta da wannan zance. Gaskiya ne a can sautun bindiga ciniki ne kamar kowane ciniki. Mutum yakan shiga ɗan ƙaramin kanti a garinsu ya ce yana son iri kaza, in babu shi a kanta sai mai kanti ya duba littafin manyan dillalai, ya faɗi farashi, ya karɓi kafin alƙalami, bayan 'yan kwanaki kaya su iso. Amma ga abin da masu misalin suke tsallakewa. Kayan ba gidan mai saye ake kai su ba, kantin ake kai su, kuma mai kantin yana da lasisin gwamnatin tarayya. Tun daga dokar 1968 kowace bindiga sai an buga mata lamba a jiki, kuma tun 1998 mai kanti ba ya miƙa ta sai mai saye ya cike takarda an duba sunansa ko yana da tabon laifi. Duk da wannan tsari, a 2021 kaɗai mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu. Ƙasar da take da kotuna masu aiki da 'yan sanda masu zuwa in an kira ke nan. Idan akwai abin koyi a wurinsu, littafin rajistar nan ne da lambar da ke jikin ƙarfe. Yawan bindigoginsu kuwa, Allah ya raba mu da shi.

A nan Sakkwato kantin da talaka ya sani shi ne maƙera. Birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 ya tashi da maƙeransa, har yau kuma unguwar Maƙera Assada tana nan da sunanta. Hannun da yake ƙera garma da fartanya da lauje, shi ne tun kaka da kakanni yake yi wa maharbi bindigar toka, a zauna a yi ciniki, a zaɓi itacen ƙota, a sa ranar karɓa. Kai, a da can in aka ce 'yan bindiga, mutanen fada ake nufi, masu ɗura albarushi su saki ƙara ranar hawan salla, yara suna toshe kunne suna dariya. Yanzu kuwa in aka ambaci kalmar a rediyo sai gaban uwa ya faɗi. Ko wannan sauyi na ma'anar kalma guda ya isa ɗaliban Sashen Harsunan Nijeriya su rubuta kundi a kansa.

Sai dai mu gaya wa juna gaskiya game da abin da maƙeri yake iya bayarwa. Sunan harba-ka-ruga ba wasa ba ne, bayani ne. Harbi ɗaya take yi, sa'an nan sai an tsaya an sake ɗuri, alhali kuwa wanda ake fuskanta yana riƙe da bindiga mai cin harsashi 30, ga wasu a jaka, ga abokansa bisa babura. Damina tana jiƙa albarushi. Bututun da ba a gwada ƙarfinsa ba yakan tsage a hannun mai shi, kuma da wuya a sami ƙauyen maharba da babu mai guntun yatsu. Masu tarihi ma sun ruwaito cewa sa'ad da Sarkin Gobir Yunfa ya auna Shehu Usmanu da bindiga a Alƙalawa, wutar baya ta yi, ta ƙona mai harbin. Garin da ya tara kuɗin gero ya sayi irin waɗannan guda goma, ya kuma ɗauka ya yi maganin masu AK-47, ya sayi ƙarfin zuciya ne kawai, wani lokaci ma ya sayi dalilin da za a ƙone shi.

Me ya sa talakan ƙasar nan ya tsaya a kan bindigar toka, duniya ta wuce? Amsar tana cikin tarihi, kuma ba ta da daɗin ji. Daular Sakkwato da kibiya da takobi da doki aka kafa ta. Baturen nan Clapperton, wanda ya rasu a garin nan a 1827, ya ga rundunar Sarkin Musulmi Bello a fagen fama a 1826, ya ƙirga bindigogin da ke cikinta bai sami hamsin ba. Da Turawa suka zauna a birnin Brussels a 1890, sai suka ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa baƙar fata bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, suka bar masa mai ƙyastu da albarushin kasuwa, wai don a kashe cinikin bayi. Bayan shekara 13, ranar 15 ga Maris 1903, aka ga amfanin yarjejeniyar a filin Giginya, inda mahayan Sarkin Musulmi Attahiru suka fuskanci igwa da bindiga mai jigida. A 1906 mutanen Satiru suka tashi da gatura da fartanyu, suka fatattaki rundunar Turawa a karon farko, aka dawo musu a watan Maris aka shafe garin daga doron ƙasa. Dokar 1959, wadda aka yi saura shekara guda a ba mu mulkin kai, jikanyar waɗannan tsare-tsare ce. An gina ta bisa wani alkawari da ba a rubuta ba: ku ajiye makamai, hukuma za ta tsare ku. 'Yan mulkin mallaka sun riƙe rabin alkawarin don amfanin kansu. Magadansu kuwa sun riƙe dokar, sun saki alkawarin.

To, sai a buɗe ƙofa kowa ya sayi abin da aljihunsa ya iya? Wasu 'yan'uwanmu masu zafin jini haka suke cewa a zauren taro, ana yi musu tafi. Mu ba mu tare da su, kuma dalilinmu yana nan kusa, ba sai an je Amurka ba. A farkon Oktoban nan na 2021, kafin abin da ya faru a Goronyo, 'yan sa-kai sun shiga kasuwar Mamande a ƙaramar hukumar Gwadabawa suka kashe Fulani 11, ba alƙali ba shaida. Kashegari aka afka wa kasuwar Unguwar Lalle a Sabon Birni aka kashe kimanin mutum 20, kuma mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin ramuwar gayya. Kafin shekarar ta ƙare Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya haramta ƙungiyar 'yan sa-kai a jihar. A watan Satumba na wannan shekara Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Sashen Tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gabatar da lacca kan bincikensa na shekara goma a dazuzzukan Zamfara, inda ya nuna yadda kisan gilla da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa makiyaya a kasuwanni ya zama itacen da ya hura wutar. Bindigar da aka saya don ɓarawon shanu ba ta san ɓarawon shanu ba. Gobe rikicin iyakar gona zai taso, jibi na gado, gata na zaɓe, ita kuwa tana nan rataye a bango tana jiran wanda ransa ya fi ɓaci. Mu da muke zaune aji ɗaya, Bahaushe da Bafillace da Bazabarme da Badakkare, muna cin tuwo a kwano guda, ya kamata mu fi kowa jin tsoron ranar da za a ce kowace ƙabila ta yi nata sautun.

Amma masu cewa a bar doka yadda take, a ci gaba da kama duk wanda aka gani da bindigar toka, su ma ba su faɗi gaskiya ba. Hanin da ake yi bai hana ɗan fashi komai ba, domin shi bai taɓa neman lasisi ba. Wanda hanin ya ɗaure shi ne manomi mai tsoron hukuma, sai kuma maƙerin kirki da ya koma aiki a ɓoye, inda babu mai duba abin da ya ƙera ko wanda ya sayar wa. Gwamnatoci da kansu sun amsa cewa 'yan sanda da soja ba su wadatar ba, shi ya sa Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a farkon 2024, Sakkwato ma ta ƙaddamar da tata a wannan shekara ƙarƙashin Gwamna Ahmed Aliyu. Ashe an yarda ɗan gari yana da rawar da zai taka. Saura a yarda a rubuta ƙa'idar rawar.

Abin da muke kira a yi ba sabon abu ba ne, yana cikin dokar 1959 ɗin kanta, ƙura ce ta rufe shi. Dokar ta ba da damar a ba maƙeri iznin ƙera bindiga mai ɗurin baki da gyara ta. To, a kira sarakunan maƙera na kowace gunduma a yi wa mutanensu rajista, a ba kowa lamba da zai riƙa bugawa a jikin abin da ya ƙera, a ba shi littafi ya rubuta sunan mai saye da garinsu. Kada a karɓi aiki daga hannun kowa sai ya zo da takarda mai sa hannun hakimi da baturen 'yan sanda na yankin. Bindigogin tsaron gari kuma kada su kwana a ɗakunan samari. A ajiye su wuri guda da aka sani, a hannun mutanen da aka horar, waɗanda aka zaɓo daga manoma da makiyaya baki ɗaya, a ƙirga su da safe a ƙirga da yamma, wanda ya harba kuma ya zo ya faɗi abin da ya harba. Mun san za a ce hakimi yana iya son kai, ɗan sanda yana iya karɓar na goro. Haka ne. Amma cin hancin da ya bar suna da lamba a takarda ana iya bin sawunsa wata rana, cinikin da aka yi da tsakar dare a bayan gari kuwa sai dai a ga gawa. Kuma ba mu ce wannan zai kori masu AK-47 daga dajin Gundumi ba. Wancan aikin soja ne, da su ake biya albashi dominsa. Abin da tsarin zai yi shi ne ya fitar da mai gaskiya daga sahun masu laifi, ya kuma sa a san abin da ke hannun wa.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagar da ta fi girma ba a maƙera take ba. Babu maƙerin Assada da ya cika dazuzzukanmu da AK-47. Wasu sun gangaro ta hamada bayan faɗuwar Gaddafi a Libiya a 2011, suka ratso Nijar suka shigo ta iyakar da ba ta da ƙyaure. Wasu ta teku suka zo: a 2017 kaɗai jami'an kwastan sun kama bindigogi 2,671 a Legas cikin kamu huɗu, kuma waɗanda suka yi sautunsu ba manoman Sabon Birni ba ne, masu kuɗin cika kwantena ne. Mafi ban takaici, rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna makamai 178,459 sun yi ɓatan dabo daga hannun 'yan sanda, daga ciki har da AK-47 guda 88,078. Jama'a, hukumar da ta kasa ba da lissafin dubu tamanin da takwas na bindigogin yaƙi, ita ce take tare tsoho a hanyar gona tana tambayarsa takardar harba-ka-ruga!

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan bindigogi da suka ɓace tana da lamba a jikinta, akwai kuma ofishin da aka rubuta ta, da jami'in da ya sa hannu ya karɓa. Kusan kowane wata ana baje wa 'yan jarida makaman da aka ƙwato daga daji, a ɗauki hoto a watse. Muna kira ga sanatoci uku da 'yan Majalisar Wakilai da jihar Sakkwato ta tura Abuja, su nemi a kawo lambobin waɗanda suka ɓace a gaban majalisa, a jera su kusa da lambobin waɗanda aka ƙwato a Isa da Sabon Birni da Tangaza, a karanta wa jama'a sakamakon a gidan rediyon Rima da harshen da masu sautun nan suke ji.